Mara Lafiyar da Ya Aiko Wakili

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, wasu ko da kuɗi aka ce in tuno su ba zan iya ba. Amma ranar da mara lafiya ya zauna a gida ya turo mini wakili, wannan kam tana nan daram a kaina. Ku da kuka fara aiki bana, ku ajiye wayoyin nan ku saurara. Sunayen duk na canja su, kada gobe wata ta shiga unguwar Hindawiyya tana tambayar gidan Alhaji Tanimu.

Lokacin ina wani asibitin kuɗi a unguwar Safa da ke Jidda, ba a daɗe da sake buɗe umara ba bayan korona. Ni ba na rubuta magani, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne. Nawa shi ne in zauna da mutum, ya yi magana, in saurara, mu lalubo inda abin ya ƙulle. Amma mutanenmu duk wanda suka gani da farar riga Duktura ne, na gaji da gyara musu na haƙura. Ni kaɗai ce baƙar fata a sashen, ni kaɗai ke jin Hausa, don iyayena Hausawan Sudan ne, can wajen Sinnar aka haife ni. Saboda haka duk wanda ya shigo ya ce "sannu" sai a turo mini shi, ko da haƙori ne ke masa ciwo.

Ɗakina kujera biyu ne da ɗan tebur da kwalin tishu. Zaman da muke yi sunansa jalsa, kuma ƙa'idarsa a bayyane take: mutum ɗaya, ƙofa a rufe, abin da aka faɗa a ciki a ciki yake kwana. Haka aka koya mini, haka kuma aka koya muku.

Wata rana a cikin Rajab wata budurwa ta shigo, sunanta Samira. Haifaffiyar Jidda ce, Hausarta na ɗingishi, in ta kama kalma ɗaya sai ta jingina da Larabci biyu. Ta ce, "Khala," wato inna, "babana ta'aban, ba shi da lafiya. Tun da mama ta rasu bai fito daga ɗaki ba."

Uban shi ne Alhaji Tanimu, tela ne, yana da shago a unguwar Sharafiyya. Watanni ke nan shagon na rufe. Mutumin da ba a taɓa tayar da salla ba ya sahun gaba ba, yanzu a ɗaki yake sallarsa. A ajiye masa abinci a bakin ƙofa, a ɗauke shi kusan yadda aka ajiye, ga shi da ciwon suga. Na yi mata tambayoyin da dole a yi: ya taɓa maganar cutar da kansa? Ta ce a'a. Yana shan maganin sugansa? Ta ce wani lokaci. Na faɗa mata alamun da in ta gani kada ta jira kowa, ta kira motar asibiti.

Nan ta fashe da kuka. Ashe motar asibitin ce matsalar. Yayanta da ke aiki a Riyad ya rantse, in har aka ga watan azumi uban bai fito ba, zai zo da kansa, a ɓalle ƙofa, a ɗauke shi zuwa asibitin masu taɓin hankali. Ta ce, "Khala, in aka fito da shi ana riƙe da hannuwansa a gaban mutanen unguwa, wallahi halas, shi ke nan. Ba zai sake ɗaga ido ya kalli kowa ba."

Ta yi gaskiya, don sai kun san waye Alhaji Tanimu a Hindawiyya. Kun san unguwar cike take da mutanen da suka zo aikin hajji ko umara suka zauna, iyayensu na can Najeriya da Nijar. Yaro zai yi aure ba shi da uba a kusa, Alhaji Tanimu ne wakilinsa. Miji da mata sun saɓa, shi ke kai magana ya dawo da magana. An yi rasuwa, shi ke karɓar gaisuwa a madadin dangin da ba su da hanyar zuwa. Rabin auren unguwar da bakinsa aka ɗaura. Irin wannan mutum ba a fito da shi a kan gadon ɗaukar mara lafiya yara na kallo.

Na ba ta rana, na ce ta lallaɓa shi ya zo.

Ranar ta zo, sai mai karɓar baƙi ta bugo mini. Ta ce, "Ustaza Rakiya, mara lafiyarki ya iso. Amma su biyu ne, kuma da tire."

Wani ƙaton mutum ya shigo, tumbi a gaba, babbar riga ta sha guga, turare kamar an fasa kwalba. A bayansa wani siririn tsoho riƙe da tiren dabino da alewa. Aka fara gaisuwa. Ya gaishe ni, ya gaishe da iyayena, ya tambayi mutanen Sudan kaf, ya tambayi gajiyar aiki da gajiyar gajiyar. Rabin lokacin ya tafi. A raina na ce, wannan ne wanda ba ya cin abinci?

Na ce, "To Baba Tanimu, me ke tafe da kai?"

Ya ce, "A'a Duktura, ni Barau ne, direban tankar ruwa. Alhaji ne ya wakilta ni."

Na ce, "Ya wakilta ka ka yi me?"

Ya ce, "A duba shi."

Tsohon nan ya ɗaga yatsa ya ce, "Na shaida."

Shi ne Malam Iro, mai gadin wani gini, kunnensa ya yi nauyi sosai. An zo da shi ne don wakilci ba ya inganta sai da shaida. Tun da babu kujera ta uku, sai ya miƙe ƙafa a ƙasa ya jingina da ƙofa.

Na tattaro duk ilimin da na yi na fara bayani, cewa wannan aikin ba a aike a cikinsa, kamar yadda ba a ci wa mutum abinci ya ƙoshi. Malam Barau ya saurare ni har ƙarshe, da tausayi a fuskarsa, kamar ni ce ke buƙatar a duba. Sannan ya ce, "Duktura, ke 'yar gida ce. Yaushe babban mutum ya taɓa maganar kansa da bakinsa? Aure ma da ake murna, ango ba ya cewa uffan, balle ciwo. Yarinyar nan ta yi ta kuka a bakin ƙofa, sai ya ce a kira ni. Ta bayan ƙofa ya ce, Barau, je ka ji abin da matar nan take so. To ga ni. Duk abin da za ki yi masa, yi mini. In allura ce ga hannu."

Har ya fara naɗe hannun riga.

Na buɗe baki zan sallame su, sai wani abu ya riƙe ni. Mutumin da ya yi watanni bai ce wa kowa komai ba, ya kira aboki, ya ba shi saƙo. Wanda ya ƙi, shiru yake yi. Wannan bai ƙi ba, ya dai amsa ne ta hanya ɗaya da ya sani.

Na ce, "Yaya barci?"

Ya ce, "Nawa ko na Alhaji?"

"Na Alhaji."

Ya rufe ido, ya langaɓar da kai, ya sauke murya. "Ba ma samu."

"Abinci fa?"

"Muna ɗan taɓawa," in ji shi, yana jefa dabino na biyar a baki daga tiren da ya kawo mini.

"Na shaida," in ji Malam Iro.

Kafin la'asar labari ya kai wa mudir, wato shugaban sashen, Duktur Fu'ad. Mutumin kirki ne, amma ƙa'ida a wurinsa ta fi shayin safe. Ya kira ni ofis ya ce, "Ustaza Rakiya, ina mara lafiyar?" Na ce yana gida. Ya ce, "To wa kika duba?" Na ce wakilinsa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Wanda aka ce ya kwanta a ƙasa fa?" Na ce wannan shaida ne. Ya daɗe yana kallon silin. Sannan ya ce mamnu'i ne, wato an hana, ba a taɓa yi ba, babu littafin da ya ce a yi.

Nan raina ya ɓaci, kun san ni bakina ba ya jiran izini. Na ce masa littattafan nan ba a Hindawiyya aka rubuta su ba. Na ba shi labarin da malamanmu suka ba mu a Khartum, na baƙaƙen likitocin da suka fara wannan aiki a Afirka. Sun tarar da asibitocin Turawa inda ake kulle mutum a raba shi da kowa nasa. Wani a Najeriya ya ce a'a, ya riƙa saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauye, kowa da ɗan'uwansa a kusa, suna zuwa asibiti suna komawa cikin mutane. Wani a Sudan ya je ya zauna da shehunan da jama'a ke kai wa masu taɓin hankali, maimakon ya tsaya daga nesa yana zaginsu. A Amurka ma baƙaƙen da suka shiga wannan fanni sun sha fama kafin a yarda cewa ba a auna baƙin mutum da mudun da aka yanka don wani. Na ce, "Duktur, duk su ma an ce musu ba a taɓa yi ba."

Ya ce, "Su likitoci ne da marasa lafiya a gabansu. Ke direban tanka gare ki."

Gaskiyarsa ce. A ƙarshe muka daidaita: ba za a kira shi magani ba, za a kira shi zaman shawara da dangi, wanda dama ƙa'ida ta yarda da shi. Ba zan ce ga cutar mutumin da ban gani ba. Kuma in azumi ya kama bai zo ba, in bar likitoci su yi aikinsu.

Daga nan abin ya zama abin da ya zama. Duk mako Malam Barau na nan da riga sabuwa, Malam Iro na biye da tire. In yi tambaya, ya kai ta bakin ƙofa, ya dawo da amsa. Amsar kullum ɗaya ce: "Ya ce a ce miki Alhamdulillahi." Sau ɗaya aka samu ƙari: "Ya ce a ce miki Alhamdulillahi, kuma kin cika tambaya." Wallahi ranar da murna na koma gida.

Na koya wa Malam Barau yadda ake jan numfashi a hankali a sauke, don ya koya wa Alhaji. Ya dawo ya ce an yi. Na ce Alhaji ya yi? Ya ce, "Na yi masa. A bakin ƙofarsa na zauna, safe da yamma, da ƙarfi yadda zai ji." Samira ta ce maƙwabta har sun leƙo, sun zaci taya ce ke sacewa.

Wani makon ina cikin magana sai na ji minshari. Na tashe shi. Ya ce, "Ki bar ni Duktura, Alhaji ne ke buƙatar barcin nan." Kafin Sha'aban ya raba, wakili ya yi ƙiba, fuskarsa ta yi fes, ya ce matarsa ta ce ya rage faɗa. Magani na ci, amma ba a jikin mai ciwon ba.

Mafi muni ranar da kafilinsa, wato maigidansa na aiki, ya hana shi fita, sai ya turo Malam Iro a matsayin wakilin wakili. Tun da shaida ya zama wakili, sai aka rasa shaida. Malam Iro ya ƙi zama har sai da ya jawo mai gadin asibitin, bawan Allah ɗan Yaman da ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya. Na yi tambaya, wakili bai ji ba. Wakili ya ba da amsa, shaida bai gane ba. Haka muka cinye jalsar, kowa ya tashi yana godiya.

Kuna dariya. Ni ma ina yi a lokacin, amma in na koma gida abinci ba ya wuce mini. Samira na bugowa tana cewa jiya cokali biyu ya ci. Ta leƙa ta ga wuyansa ya zama kamar na yaro. Yayanta ya riga ya ɗauki hutu. Na fara tsoron cewa ina wasan yara ne da ran mutum, kuma in wani abu ya same shi ba zan yafe wa kaina ba.

Saura 'yan kwanaki a fara duban wata, sai na daina zagaye-zagaye. Na ce, "Malam Barau, ranar da Hajiya ta rasu, ina Alhaji yake?"

Dabinon da ya ɗauko ya mayar da shi tire. Bai rufe ido ba, bai canja murya ba, bai ce "mu" ba.

Ya ce, "Yana Makka. Ɗaurin auren ɗana ne, Duktura. Ni na roƙe shi ya zama wakili, don a ce Alhaji Tanimu ne ya karɓa wa yarona aure. Da safen ta ce ƙirjinta na mata nauyi. Ya tafi. A masallaci ya kashe waya. Muna cin shinkafa ya kunna ta."

Malam Iro bai ji abin da aka ce ba, amma ya kalli fuskar abokinsa, bai ɗaga yatsa ba.

Sai a lokacin na gane dalilin sabuwar riga duk mako: shi ma Malam Barau laifin kansa yake gani. Na kuma gane ina aka ƙulle. Mutum ya gurfanar da kansa, ya yanke wa kansa hukunci, ya kulle kansa, kuma wadda kaɗai za ta iya cewa a sake shi tana maƙabarta.

Na ce, "Ka kai masa wannan saƙon yadda na faɗa. Ka ce na ji ɓangarensa. Amma shi ya fi kowa sanin ba a yanke magana tsakanin miji da mata da bakin mutum ɗaya. Shi yana da wakili, Hajiya ba ta da shi. A nemo mata."

A raina Samira nake nufi. Na yi tunanin in ya ji 'yarsa ta zo ta faɗi abin da uwarta za ta faɗa, wataƙila ya buɗe ƙofa ya saurara. Amma Samira ta ce ba za ta iya ba, kuka kawai za ta yi. Matan unguwa kowa ta ce ba da ita ba. Malam Barau kuwa ba ya barin kujera babu kowa. Sai ya naɗa Malam Iro.

Samira ce ta ba ni labarin yadda aka yi. A bakin ƙofar Alhaji aka yi naɗin, kuma saboda kunnen Malam Iro, da ihu aka yi shi. "IRO! KAI NE HAJIYA BALARABA!" Malam Iro ya ce to, ya tambaya ko sai ya yafa gyale.

Sai suka ji an murɗa makulli.

Alhaji Tanimu ya fito yana dafa bango, idonsa jawur. Ya ce, "Iro? Iro ne zai yi maganar Balaraba? Ya san ta? Ya taɓa jin muryarta, mutumin da ko kiran salla ba ya ji? Ni da na ɗaura auren garin nan, sai matata ce za a ba ta wakilin banza?" Ya juya ya ce wa Samira ta goge masa farar rigarsa.

Washegari suka shigo su uku, Samira na biye da su. Na aro kujeru biyu daga ɗakin jira. Ranar na fara ganinsa: dogo, rigar ta yi masa yawa kamar ta aro, amma hular a karkace daidai yadda manya ke sa ta. Bai kalle ni a matsayin mara lafiya ba. Ya zo aiki ne.

Na ce, "Baba, ba mu ce mamaci na magana ba. Abin da ka san za ta faɗa, shi nake so."

Ya ce, "Na sani. Ni ba yaro ba ne."

Ku duba zaman nan. Alhaji Tanimu na wakiltar Hajiya. Malam Barau na zaune a gabansa yana wakiltar Alhaji Tanimu. Malam Iro, da aka sauke daga muƙami, ya koma shaida, yana ɗan fushi. Ni kuma da duk takardun shaidata ina gefe ina riƙe da kwalin tishu. A raina na ce, Allah Ka sa Duktur Fu'ad kada ya leƙo.

Alhaji ya gyara zama, ya yi salati kamar yadda ake buɗe taro, ya ce shi wakilin Hajiya Balaraba ne. Sannan ya kalli Malam Barau daga sama har ƙasa, sai muryarsa ta canja, ta ƙara kaifi.

"Malam, wane irin shashanci ne wannan? Ka bar mini yarinya tana kwana a bakin ƙofa. Ka rufe shago, kayan mutane na ciki, azumi ya zo, salla na tafe. Tuwo a kai maka a dawo da shi. Dubi wuyanka."

Malam Barau, da wuyansa ya ninku uku, ya shafa shi ya sunkuyar da kai. Samira da ke bakin ƙofa ta toshe baki, ta ce mini daga baya muryar mamanta ce sak, har yadda take jan "Malam".

Faɗan ya ci gaba. An taɓo maganin suga, an taɓo na'urar sanyaya ɗaki da ake bari a kunne, an taɓo wani bashin gaisuwa da ba a kai wa maƙwabta ba. Har Alhaji ya fara samun ƙarfi, yana nuna yatsa. Sai Malam Barau ya ɗago, hawaye na zuba a kan sabuwar rigar, ya ce, "Hajiya, ki yafe mini. Kin ce ƙirjinki na ciwo, na tafi na bar ki."

Ban san ko bakin Alhaji ya ara ko nasa ba ne. Ina jin shi ma bai sani ba.

Yatsan Alhaji ya sauka. Na yi ta addu'a a zuciya kada kowa ya yi magana. Can ya ce, a hankali, har yanzu da muryarta:

"Wa ya ce ka bar ni? Ka cire hula ka ce ka fasa. Ni na ɗauko ta na sa maka. Na ce yaron nan na jiranka, tashi ka tafi. Ni na ce ka tafi, Malam. Tun da aka kawo ni gidanka ba ka taɓa jin maganata ba. Rana ɗaya da ka ji, ita ce za ka kashe kanka a kanta?"

Bai taɓa faɗa wa kowa wannan ba, ko 'ya'yansa. Yana gama faɗa ya ji da kunnensa. Ya cire hular ya rufe fuska da ita, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza, don ranar yana tsaye yana karɓar gaisuwa kamar ta wani ce. Malam Barau na kuka, Samira na kuka, ni ma na ja tishu biyu ban ji kunyar kowa ba. Malam Iro ya duba wannan ya duba wancan, ya ɗaga yatsa a hankali ya ce, "Na shaida." Wannan karon babu wanda ya yi dariya.

Da ya natsu na ce, "Baba, mako mai zuwa wa zan sa wa rana?"

Ya goge ido ya mayar da hula. Ya ce, "Ni. Zan zo da kaina."

Kada ku zaci ya warke a ranar, aikin nan ba haka yake ba. Ya ga likita, an ba shi magani, an daidaita sugansa. Mun yi watanni muna zama, wasu ranakun ya yi magana, wasu ya ce Alhamdulillahi ya yi shiru har lokaci ya cika. Amma daren da aka ga wata, ɗan da ya taso daga Riyad don ɓalle ƙofa a masallaci ya sami ubansa, a sahun gaba, Malam Barau na riƙe masa da takalmi. Shi ma Malam Barau ya dawo bayan salla, ba riga mai guga, ba tire, ba shaida. Ya tsaya a ƙofa yana sosa kai ya ce, "Duktura, in mutum ba wanda ya aiko shi, ana ganinsa?"

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, mutanenmu ba ƙin magana suke yi ba. An dai raine su a kan cewa mutum ba ya kai ƙarar ciwonsa da kansa, sai wani ya tsaya masa. Wanda zai yini yana faɗin damuwar maƙwabcinsa dalla-dalla, ka tambaye shi tasa ya ce lafiya lau. Waɗanda suka riga mu a wannan aiki sun gane haka tun kafin a haife mu, shi ya sa suka ƙi raba mara lafiya da mutanensa. Ƙa'idojin da aka koya muku ku riƙe su, suna kare rai, ni ma ban jefar da ko ɗaya ba. Amma in wani ya shigo muku ya ce an aiko shi, kada ku yi saurin nuna masa ƙofa. Ku tambaye shi wa ya aiko shi, don wani na can bayan wata ƙofar yana jiran ya ji ko an karɓi saƙonsa.

Kujerun nan biyu da na aro daga ɗakin jira ban mayar ba. Duktur Fu'ad ya aiko sau da yawa a karɓa, kullum in ce wa ɗan aiken ya koma ya ce masa ya zo da kansa.